Jirgi Ya Kwana a Ruwa ko Ya Hau Amalanke? Muhawarar Masuntan Zobe

Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi tun kaka da kakanni ƙasar garma ce da sandar kiwo, kuma in ban da kogunan da ke tumbatsa da damina su koma yashi da rani, da tafkunan da akan yi su a cikinsu da gora da homa idan ruwa ya ja baya, babu wani babban ruwa a cikinta da zai sa mai hankali ya yi tunanin mallakar jirgi. Amma tun daga shekarar 1983, lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Zobe kudu da garin Dutsin-Ma, a zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, aka tare ruwan Karaduwa da ginin ƙasa mai tsawon mita 2,750 da tsayin mita 19, sai Allah cikin ikonsa ya buɗe wa mutanen wannan yanki wata ƙofar abinci wadda iyayensu ba su san ta ba sai a labarin Argungu da Yawuri. Galibin zancen da ake yi a kan Zobe na noman rani ne da ruwan sha, balle tun da aka buɗe aikin ruwan famfonta a shekarar 2021. Masunci kuwa, wanda ke fita da asuba ya ɗaga kallinsa ya kawo tarwaɗa da karfasa kasuwa, ba kasafai ake tunawa da shi ba, ballantana a zauna a tattauna kayan sana'arsa. To, ɗaya daga cikin mas'alolinsa nake so in shimfiɗa a nan, wadda ko da yake ƙarama ce a idon wanda ba ya shiga ruwa, babba ce ga wanda duk jarinsa na duniya jirgi ɗaya ne.

Mas'alar ita ce: shin ya fi dacewa mai ƙaramin jirgi ya bar jirginsa ya kwana a bakin ruwa ɗaure da turke, kamar yadda aka saba, ko kuwa ya nemi amalanke na musamman, mai taya biyu da doguwar shimfiɗa, wanda shanu ko babur ko mota za su ja, ya riƙa kai shi da safe yana komo da shi gida da yamma? A ƙasashen Turai da Amurka al'ada ta riga ta zaunu a kan cewa ƙaramin jirgin alminiyam a gida yake kwana bisa tirelarsa, a ja shi da mota zuwa tafki ranar da aka ga dama. Sai dai abin da ya dace da mai hanyar kwalta har bakin ruwa, da kantin kayan gyara a kowane gari, ba lalle ne ya dace da mai bin burtali cikin rairayi ba. Saboda haka wajibi ne mu ji hujjar kowane ɓangare daga bakin masu ita, mu ba kowace haƙƙinta, kafin mu ce ga inda rinjaye yake.

Masu goyon bayan amalanke sukan fara da hujjar tsaro, kuma ita ce mafi ƙarfi a cikin hujjojinsu. Suna cewa dukiya ɗaya ce daga cikin abubuwa biyar da malamai suka ce shari'a ta zo domin ta kiyaye su, tare da addini da rai da hankali da zuriya; kuma wanda ya bar abin da yake ciyar da iyalinsa da shi a fili cikin dare, a zamanin da tsoron 'yan bindiga ya hana mutanen ƙauyuka da yawa na Dutsin-Ma da Kurfi da Safana yin nisa da gida bayan magariba, ya yi sakaci, ko da ya sa wa sakacin nan suna tawakkali, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa tukuna sa'an nan ya dogara ga Ubangiji. Suka ƙara da cewa jirgin alminiyam ya fi kowane jirgi jan idon ɓarawo, saboda dalilai biyu. Na farko ba shi da nauyi, don alminiyam kusan sulusin nauyin baƙin ƙarfe gare shi, har maza biyu ko uku sa iya ɗaga jirgi mai tsawon ƙafa 12 su yi gaba da shi. Na biyu kuma, ko an farfasa shi ba ya rasa mai saye, tun da 'yan gwangwan a kilo suke karɓarsa, maƙera kuma su narka shi su zuba tukwane da ludaya. Kwale-kwalen katako in an sace shi sai an nemi wani ruwan da za a sa shi, masunta kuwa sun san jiragen juna. Amma jirgin alminiyam, da zarar ya shiga wuta, ya tafi ke nan, ba shaida ba alama.

Hujjarsu ta biyu ta tsaya a kan halin ruwan kansa. Zobe ruwan ajiya ne, yakan cika ya batse a ƙarshen damina, sa'an nan ya yi ta ja da baya da kaɗan da kaɗan cikin rani da bazara, zafin rana na sha, masu noman rani na ɗiba, famfo na zuƙa, har turken da aka kafa a bakin ruwa cikin Satumba ya zama yana tsakiyar busasshen fili cikin Afrilu. Mai jirgi kuwa, da yake dole ne ya bi ruwan duk inda ya je, yakan wayi gari yana jan jirginsa a ƙasa bisa tsakuwa da ƙananan duwatsu, kuma ƙasar Dutsin-Ma ba a san ta da ƙarancin dutse ba. Kowane ja yana kankare cikin jirgin, yana sassauta kusoshinsa, har ranar da ruwa zai fara tsatsafowa ta ƙarƙashin ƙafar mai tuƙi. In da amalanke, sai a tura shi har ruwa a sauke jirgin a hankali. In an fito kuma, a ɗora, a wanke, a kifa, a duba cikinsa da idon rana. Suna cewa jirgin da kullum yake a ruwa, rabinsa na ƙasa ɓoye yake ga mai shi, ba ya sanin aibinsa sai aibin ya shigo masa ciki, alhali rigakafi ya fi magani, balle a sana'ar da kuskure ɗaya ke iya cin rai.

Hujja ta uku ita ce faɗin fage. Jirgin da ba shi da abin ɗauka fursunan ruwa ɗaya ne, in kifi ya yi ƙaranci a nan sai mai shi ya zauna ya yi tagumi. Wanda ke da amalanke kuwa yana iya gwada ƙaramin dam na garin Dutsin-Ma, ko ya bi tafkunan damina na wajen Kurfi a watannin da suke riƙe da ruwa, ko kuma, in akwai mota da izni, ya nufi ruwan Jibiya. Ga mutumin Kurfi musamman, wanda babban ruwa ya yi masa nisa kuma ba zai iya kwana kusa da jirginsa ba, amalanke shi ne bambanci tsakanin shiga sana'ar da kallonta daga nesa. Sa'an nan, in ji su, amalanke ba ya zaman banza: in an shimfiɗa masa katako zai ɗauki kalli da mali da kwandunan kifi, ranar da ba a shiga ruwa ba kuma ya kai taki gona ko ya ɗauko kara.

To, dattawan masunta da waɗanda suka bi ra'ayinsu ba su rasa amsa ba, kuma amsarsu ta farko daga jikin katako suka ciro ta. Galibin jiragen da ke kan ruwan ƙasar nan kwale-kwalen katako ne, allo bisa allo, an haɗa da ƙusa, an toshe tsakani da tsumma da kwalta. Katako kuwa ɗabi'arsa ce ya kumbura in ya sha ruwa, ya tsuke in ya bushe, kuma kumburin nan shi ke matse bakin allunan har ruwa ya kasa shiga. Wanda ya fitar da irin wannan jirgi ya ajiye shi a tsakar gida cikin iskar hunturu, ko cikin zafin Maris, zai iske allunan sun ja da baya, kwalta ta tsage, tsumma ya saki, ranar da ya mayar da shi ruwa kuma ya wuni yana kwarfa da ƙwarya maimakon ya duba tarunsa. Bugu da ƙari jirgin katako da ya jiƙe nauyi gare shi ƙwarai, kuma ɗaga shi da sauke shi kullum yana murɗa ƙashin bayansa. Saboda haka suka ce ruwa shi ne gidan kwale-kwale, kuma wanda ya raba shi da gidansa da sunan tattali ya cuce shi.

Amsarsu ta biyu ta kuɗi ce. Suna tunatar da mu cewa a cikin Suratul Kahfi, masu jirgin nan da bawan Allah Haliru ya huda, Alƙur'ani miskinai ya kira su alhali jirgin nasu ne, wato mallakar jirgi ba ta fitar da mutum daga sahun mabukata. Masuncin da ya tara ɗan abin da ya tara, in ya zuba shi a ƙarfe da tayoyi da ladan mai walda, me ya rage masa na sabon kalli, da ƙugiyoyi, da zare, waɗanda su ne ke kama kifin? Amalanke bai taɓa kama ko ƙawara ɗaya ba. Kuma amalanke ba ya jan kansa: in shanu ne, sai an ciyar da su rani da damina, ga shi a yankin nan mallakar shanun huɗa kanta ta zama abin da ke jawo wa gida idon ɓarayi, har wanda ya gudu daga satar jirgi ya faɗa wa satar bijimai, in babur ne ko mota, kowa ya san inda farashin mai ya nufa tun da aka janye tallafinsa a watan Mayu na 2023. A ganinsu sayen abin da hidimarsa ta fi amfaninsa israfi ne, ko da mai saye talaka ne, don almubazzaranci ba a auna shi da yawan abin da aka kashe, da rashin dacewar wurin da aka kashe shi ake aunawa.

Amsa ta uku ita ce wadda ya kamata mai karatu ya tsaya a kanta, domin masu sha'awar amalanke ba su cika kawo ta a lissafi ba. Amalanken shanu na yau da kullum a tudu yake aiki. Na jirgi kuwa aikinsa ne ya tsoma ƙafafunsa a ruwa da taɓo. A cikin cibiyar kowace taya akwai boris, ƙananan ƙarafa masu mirginawa cikin giris, kuma su ne ke ɗauke da nauyin duka. In an yi tafiya mai nisa sukan ɗau zafi. In aka tura su cikin ruwan sanyi nan take, iskar da ke ciki ta tsuke, sai ta zuƙo ruwa da ɗan yashi ta bakin robar da ke rufe da su. Je ka rumfar makaniki ka ga an buɗe irin wannan cibiya: girisin da aka sa yana da kauri da sheƙi ya koma fari-fari kamar kindirmo, in ka murza shi tsakanin yatsu ka ji tsakuwa, ƙarafan sun yi ja da tsatsa sun yi ƙananan ramuka. Mai amalanke ba ya ganin wannan daga waje. Ƙara yake fara ji, ya ce gobe, sa'an nan taya ta fara rawa, ya ce jibi, har ranar da za ta cije ko ta fice a tsakiyar daji, jirgi ya faɗi a kan hanya. Ga kuma tayoyi, waɗanda galibi na hannu ne, rana tana tsattsaga su ko ba a yi tafiya da su ba, ƙaya tana jiransu a burtali, mai faci kuma yana can cikin gari.

Har a kan jirgin alminiyam ɗin ma ba su sallama ba. Suka ce fatarsa siririya ce, kuma girgizar hanya mai gargada ta fi igiyar ruwa cutar da shi, don ruwa yana tallafe jirgi ta ko'ina, amalanke kuwa a wurare kaɗan yake riƙe shi, nan ne yake lotsawa, nan ne kusoshinsa ke sassautawa. In ya tsage, waldar da aka saba yi wa ƙofa da taga ba ta kama shi yadda ya kamata, sai an nemi mai na'ura ta musamman da iskar gas ta musamman, wanda ba a kowane gari ake samunsa ba. Sa'an nan alminiyam in ya zauna jiƙe a kan tsiraicin baƙin ƙarfe, shi ne ke ciwuwa, ya riƙa fitar da wani farin gari har ya huje.

Daga ƙarshe suka kawo hujjar zaman jama'a. Kowane ruwa yana da Sarkin Ruwa da dattawansa, waɗanda suka san wanda ya shiga da wanda ya fita, suke hana taru mai ƙananan ido da ke kwashe 'ya'yan kifi, suke raba rigima in kallin wani ya hau na wani. Jiragen da ke kwana a mashigi ɗaya suna ƙarƙashin idon juna, kuma malaman Malikiyya sun lissafa matsayar jirgi a cikin wuraren da ake ɗauka hirzi, wato ma'ajiya a shari'a, ta yadda wanda ya kwance jirgi daga turkensa cikakken ɓarawo ne, ba mai tsintuwa ba. Jirgi mai yawo kuwa yau yana nan gobe yana can, ya kwashi kifin tafkin da bai san dokarsa ba ya wuce. Kuma yana iya ɗaukar kainuwa da irin ciyawar ruwa, da ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da cutar tsargiya, daga wannan ruwa zuwa wancan. Wanda ya ji yadda kachala ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru ya san tsiron ruwa in ya samu wurin zama ba ya tashi da lallashi.

Irin wannan zance ne akan ji a gindin bishiya bayan la'asar, ana gyaran taru, tsakanin saurayin da ya samu jirgin alminiyam da ɗan'uwan mahaifiyarsa wanda ya tsufa a kan ruwa.

"Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, ni fa ba na barci. Da na ji kare ya yi haushi sai in ce jirgina ne aka ɗauka."

"Ɗana, na ji ka. Amma faɗa mini, bututun girisin nan da za ka riƙa saye, da kifin wace rana za ka biya shi?"

"Da kifin ranar da jirgin yake hannuna, Kawu. In an sace shi babu kifin kowace rana."

"To, madalla. Sai dai ka sani, yau jirgi ɗaya ke hana ka barci. Ran da ka sayi amalanke, abu biyu ka ɗauka amana."

Idan muka ɗora waɗannan hujjoji a ma'auni, abu na farko da zai bayyana shi ne ɓangarorin biyu ba a kan jirgi ɗaya suke magana ba, ko da yake suna tsammanin haka. Dattijo yana tunanin katako, saurayi yana tunanin alminiyam, kuma kowannensu ya yi gaskiya a kan nasa. Kwale-kwalen katako ruwa ne ke tsare shi, nauyinsa ke kare shi daga ɓarawo, saboda haka ra'ayina shi ne a bar shi a turkensa, a fitar da shi lokaci-lokaci don dubawa da shafa kwalta, in kuma tilas ta sa a kai shi wani ruwa, a yi hayar amalanken shanu ko a-kori-kura na yini ɗaya, a lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna, a mayar da shi ruwa da wuri. Jirgin alminiyam kuwa bushewa ba ta yi masa komai, rashin nauyinsa da darajar ƙarfensa su ne haɗarinsa, saboda haka hujjar tsaro ta rinjaya a kansa, balle ga wanda gidansa ke nesa da mashigi. Sauran hujjojin dattawa, na boris da girgiza da tsatsa da yaɗa ciyawa, ba su hana amalanke ba. Sharuɗɗa suka gindaya masa, kuma wanda ba zai iya cika su ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sharuɗɗan zaɓe kuwa ga su. Jirgi ake aunawa tukuna sa'an nan a yanka ƙarfe, kada a sayi amalanke a ce jirgi ya yi haƙuri da shi. Shimfiɗar ta kai tsawon jirgin har ƙarshen bayansa, domin bayan da ya yi reto a iska shi ne ke fara tsagewa, balle in akwai inji a maƙale; gara ma a cire injin a kwantar da shi daban in hanya ba ta da kyau. Jirgin ya kwanta bisa dogayen katakai biyu da ke bin tsawonsa, an lulluɓe su da tsohuwar darduma ko robar tif, ta yadda nauyi zai rarrabu kuma alminiyam ba zai taɓa baƙin ƙarfe ba. A sa tayoyin a inda kusan ushirin nauyin zai rinjaya gaba, don in baya ya fi nauyi amalanke yakan yi wutsiya a bayan mota ko ya ɗaga karkiya a wuyan shanu, in gaba ya yi yawa kuma ya danne abin da ke ja. Dabba tana da haƙƙi, shari'a ta hana a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. A zaɓi cibiya da taya na irin motar da kayanta suka yawaita a kasuwar Dutsin-Ma da Katsina, domin abin da ba a samun madadinsa, ranar da ya lalace ranar ya mutu. Wanda zai hau titin Dutsin-Ma zuwa Kurfi da shi a bayan mota, lalle ya sa sifirin, da sarƙa ta biyu bayan maƙalin, da fitila ko abin da ke ƙyalli a baya, saboda rayukan da ke bin hanyar. Wanda kuma shanu za su ja masa a burtali, tayoyi masu faɗi sun fi masa amfani a rairayi. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba hujja ba ce. Kyawun walda da dacewar awo su ne abin dubawa.

Sharuɗɗan kulawa sun fi na zaɓe wuya, domin zaɓe rana ɗaya ne, kulawa kuwa kullum ce. In an iso bakin ruwa a dakata cibiya ta huce kafin a tura ta, in ma da hali kada ruwa ya kai mata, tun da jirgi marar nauyi ana iya zame shi daga baya. Duk tafiya a taɓa cibiya da bayan hannu, in ta yi zafin da hannu ba ya jurewa to akwai magana. A ɗaga taya lokaci-lokaci a juya ta a saurara, a girgiza ta a ji ko tana rawa. A buɗe a wanke a sa sabon giris kafin damina da bayanta, a sauya robar in ta saki. A wanke taɓo daga jikin ƙarfe, don taɓo ke riƙe laima, laima ke haifar tsatsa. Inda fenti ya ɓare a kankare a shafa. A ajiye amalanke a inuwa ko a rufe tayoyin da buhu. A ɗaure jirgi ta gaba da ta baya yadda ba zai yi tsalle ba. Kafin a kai shi sabon ruwa kuma, a zubar da ruwan cikinsa, a tsince ciyawa, a bar shi ya bushe sarai a rana, sa'an nan a je a gai da Sarkin Ruwan wurin a nemi izni a ji dokarsa, domin taya ba ta ɗauke wa baƙo ladabin baƙunta.

Saura hujjar kuɗi, wadda ita ce mafi nauyi a kan talaka, kuma ina ganin fiƙihu ya riga ya tanadar mata mafita. Babu larurar kowane mai jirgi ya mallaki amalanke. Wasu sukan ce a haɗa kuɗi a saya na tarayya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma abin da kowa ke ja kuma babu wanda aka ɗora wa girisinsa, kowa zai bar wa ɗan'uwansa har ya lalace, a ƙare da zargin juna. Abin da ya fi aminci shi ne ijara: mutum ɗaya ya mallaka, ko jama'a su saya su danƙa wa mutum ɗaya, a yanka ladan kowace tafiya a gaban Sarkin Ruwa, a ware wani kaso sananne don gyara, a kuma bayyana tun farko cewa mai haya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare sharaɗi, kamar ya ɗora abin da ya wuce ƙima ko ya bi hanyar da aka hana shi. Da haka amalanke ɗaya ya isa jirage da yawa, mai shi ya samu sana'a, masunci ya bar jarinsa a kalli. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011 kuma ake karantar da ilmin kifi a cikinta, da masu waldar garin, da hakimai, Yandaka a Dutsin-Ma da Maradi a Kurfi, in suka sa hannu aka fitar da awo ɗaya mai kyau wanda kowane maƙeri zai iya bi, aka kuma tsara dokar shiga ruwan da ba na mutum ba, da sun yi wa masu ƙaramin ƙarfi hidimar da ba ta bukatar kuɗi mai yawa.

Hukuncin da na tsaya a kai ke nan: mai katako ya riƙe turkensa, mai alminiyam ya nemi amalanke, na kansa ko na haya, kuma duk wanda ya ɗora jirgi a kan taya ya sani ya ɗauki nauyin ƙarfe, da na dabba, da na masu bin hanya, da na ruwan mutanen da zai sauka a cikinsa, kuma za a tambaye shi a kan kowanne. Allah ya tsare masu nema a tudu da ruwa, ya sa albarka a cikin abin da suke kamawa.